Mutum-mutumin Gonar Kawu

A hutun ƙarshen shekarata ta biyu a jami'a na tafi wurin kawuna, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye da ke gabas da Haɗejiya, kan hanyar Baturiya. Lokacin sanyi ne. A gida na ce zumunci zan je, amma gaskiya tsuntsaye ne suka kai ni. Na tafi da madubin hangen nesa da wata malamarmu ta ara mini, da littafi mai hotunan tsuntsaye, da rigunan sanyi biyu, da wani ɗan littafin rubutu da na ɗauki niyyar cikawa da waƙoƙi.

Bayan ƙauyen akwai jinga, wani dogon tudun ƙasa da aka tara don tare ambaliya, kuma bisa kanta hanya ta bi. In ka hau da sassafe ka fuskanci gabas, ruwa na hagunka, shimfiɗe har inda ido ya gaji, ciyawar kacalla tsaye a cikinsa ta fi mutum tsawo. A dama gonakin shinkafa ne. Ruwan yakan yi ta fitar da tururi saboda sanyi, sai ka ce an ɗora shi a murhu an manta. Kirinjijiya na wucewa ta sama suna fito. Dinya na taku a bakin ruwa da ƙasaita irin ta matar da ta san an daɗe ana jiran ta a gidan biki. Zalɓe kuwa yana tsaye da ƙafa ɗaya, kamar wanda ya fito nema ya manta abin da yake nema. Akwai kuma baƙi, wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu, waɗanda littafina ya ce daga ƙasashen ƙanƙara suke, sun keto hamada don su sha ɗumi a wurinmu. Mu kuma ga mu ƙudundune cikin mayafi muna kukan sanyi. Nakan ji kunyarsu.

Damuwata ɗaya ce, ba su yarda da ni ba. Kafin in ɗaga madubin in daidaita shi, sun tashi. Abin da na rubuta a kwanakin farko bai wuce wannan ba: bayan wani tsuntsu mai ruwan toka, wutsiyar wani, ƙarar faɗawar guza cikin ruwa, ban ga guzan ba. Daga nan na koyi tsayuwa. Sai in sami wuri a kan jingar in ƙame, ba motsi, har ƙafafuna su daina zama nawa. Wata rana na yi haka tun hantsi har rana ta take, ina kallon wata kazar ruwa da ba ta yi komai ba.

A wannan tsayuwar ne na lura da wani abu. Gonar Kawu tana daf da jingar, doguwa ce, ta miƙe har kusa da wata fadamar kacalla. A bakinta, taku kamar ashirin daga hanya, akwai mutum-mutumi da aka kafa don korar tsuntsu: sanda a tsaye, wata a gicciye, an sa musu tsohuwar babbar riga shuɗiya da malfa, an naɗe wajen fuskar da rawani. Kowace gona tana da irinsa. Amma wannan gaishe shi ake yi. Na ga wata mata ɗauke da ƙwarya ta zo daidai shi, ta rusuna ta ce, “Ina kwana, Malam?” Ta ɗan dakata, ta wuce. Can sai ga wani a kan keke, ya sauko, ya tura keken har ya gota gonar, yana cewa, “Sannu da aiki, yaya sanyi?” sannan ya sake hawa.

Da na koma gida na tambayi Inna, matar Kawu. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

“To da me za su yi? Su wuce babba ba gaisuwa?”

“Inna, ai itace ne da riga.”

“Wani lokaci itace ne. Wani lokaci kawunki ne.”

Sai ta yi mini bayani. Babban abokin gabar mai shinkafa a nan shi ne jan baki, wani ɗan tsuntsu da bai cika tafin hannu ba, wanda ke kwana cikin kacalla ya fito da safe a garke kamar hayaƙi. In garken ya sauka a gona aka bar shi, kafin a dafa shayi ya mayar da zangarniya ƙaiƙayi. Jan baki kuma ba wawa ba ne. Kwana biyu ya ishe shi ya gane mutum-mutumi ba ya motsi, har ya riƙa hutawa a kafaɗarsa. Shi ne Kawu ya ɓullo da dabararsa shekaru da suka wuce. Wasu ranaku yakan je da asuba, ya cire buhun ciyawar da ke cikin rigar, ya shiga shi da kansa, ya ɗora hannuwa a kan sandar, ya yi shiru. Sai tsuntsayen sun sauka sun saki jiki, ya zabura da ihu. Daga nan sai su yi kwanaki suna zargin rigar.

“Su ma mutanen gari haka,” in ji Inna. “Ba wanda ya san ranar da yake ciki. In yana ciki kuma ba ya amsawa, don kada ya tona kansa. To ka gaishe shi ka huta. In itace ne ba ka yi asarar komai ba.”

Shinkafar ta wannan shekara ta makara, ruwa bai janye da wuri ba. Ta riga ta sunkuyar da kai ta fara ja, saura kwana biyar a sa mata lauje. Ita ce abincin gidan har wata kaka, don ba su da wata gonar, 'ya'yansu maza kuma suna can Kano wajen nema. A daidai wannan gaɓar Kawu ya kwanta. Tsayuwar asuba cikin laka ce ta kama shi, zazzaɓi da mura, muryarsa ta dishe har sai ka kai kunne bakinsa kafin ka ji. Inna za ta iya tsaron yamma, amma da safe gwiwoyinta ba sa miƙewa sai rana ta yi ɗumi. Maƙwabta kowa na kan tasa gonar yana fama da nasa tsuntsayen.

Muna zaune a ɗakin Kawu bayan sallar la'asar, yana kwance cikin bargo, sai na ga Inna ta zuba mini ido, irin kallon da ake yi wa akuya a kasuwa.

“Malam,” ta ce, “wannan 'yar taka fa ba abin da ta iya kamar tsayuwa. Jiya na aika a kira ta cin abinci, aka dawo aka ce ba a gan ta ba, alhali tana tsaye a kan hanya.”

Kawu ya juyo da kai a hankali. Ya yafito ni, na matsa.

“Kina da murya?” ya ce cikin raɗa.

“Ina da ita, Kawu.”

“Ban taɓa ji ba.”

Aka fitar da ni bayan ɗaki gwaji. Inna ta ce in ɗauka kajinta ne jan baki, in kore su. Na tattara ƙarfina na ce, “Kai!” Kajin suka ɗago, suka taho wurina da gudu, sun zaci tsaba zan watsa.

“Ba sallama za ki yi musu ba,” in ji Inna. “Zagi za ki yi. Tuna wani da ya ɓata miki rai.”

Na yi tunani, ban tuna kowa ba. Akwai wata da ta taɓa aron littafina ta dawo da shi da maiƙo, amma ta ba ni haƙuri. Inna ta ɗaga hannu sama ta koma ɗaki. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba sai na yi ihu ba. Akwai igiya da aka ja tsawon gonar, an rataya mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Za a kawo bakin igiyar hannuna, in sun sauka in fizga. Kawu ya ba ni dokoki uku, ina durƙushe kunnena a bakinsa. Kada in amsa gaisuwa ko ta waye. Kada in yi susa. In an bar saƙo in riƙe.

Ban gane ta ukun ba sai washegari.

Bayan sallar asuba Inna ta raka ni tana ɗingishi tana mita. Da yake ni gajeriya ce, sai da muka kife wani tsohon turmi a gindin sandar na hau, rigar ta sauko ta rufe har ƙasa. A ciki ina da hijabina da rigunan sanyina biyu. Ta ɗora mini malfa, ta naɗe mini fuska sai idanu, ta sa bakin igiya a hannuna na dama, ta ja da baya ta dube ni.

“Wallahi kin fi shi kama da shi,” ta ce, ta tafi.

Rigar na warin hayaƙi da rana da kuma Kawu. Gari ya fara wayewa daga ƙasa, ruwa ya riga sama yin haske. Sai duniya ta fara matsowa kusa da ni, abin da na yi mako ina roƙo ban samu ba. Balbelu suka sauka a kunyar gona suka jeru. Wani tunku ya fito daga ciyawa, ya tsaya da ƙafafun baya, ya dube ni, bai ga kowa ba, ya ci gaba da sha'aninsa. Ɗaya daga cikin baƙin nan, ɗan siriri mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya ba hutawa, ya zo ya sauka a hannun rigata na hagu. Nauyinsa bai fi na wasiƙa ba. Ina ganin ƙirjinsa na bugawa. Na yi ta tunanin irin garuruwan da ya ratso, da kogunan da ya gani daga sama, ga shi duk wannan tafiyar ta ƙare a hannun rigar kawuna. Baitoci biyu suka zo mini a lokacin, kyawawa, ba halin rubutawa, kafin hantsi sun gudu.

Sannan mutane suka fara wucewa.

Ban san nauyin gaisuwa ba sai da aka yi mini ita na kasa mayarwa. Dattawa sa'annin kakana suna rage tafiya suna cewa, “Barka da asuba, Malam,” ni kuwa ina bisa turmi ina kallon su ta saman rawani. Kowace gaisuwa sai na ji amsarta ta zo mini baki. Na riƙa amsawa a zuci, har da tambayar iyali. Wasu ba su tsaya a gaisuwa ba. Wani ya ce, “Malam, in kana ciki, jibi akwai suna a gidan ƙanena, in ba ka ciki kuma shi ke nan.” Wata tsohuwa ta ce a gaya wa Inna ta dawo mata da rariyarta. Wani ya tsaya ya bayyana wa rigar dalilin da ya sa bai zo gaisuwar rashin lafiya ba, ga alama bai ga wani saɓani ba tsakanin mutum ya kwanta ciwo a gida da kuma ya tsaya a gona.

Da rana ta ɗan ɗaga sai ga shanu a kan jinga, bayansu wani dogon tsoho Bafillace, sanda a gicciye bisa wuyansa. Na san shi, Baffa muke ce masa, rugarsu na bayan gari. Kakarmu, mahaifiyar su Kawu, Babarbariya ce, saboda haka tsakanin Baffa da Kawu akwai wasan nan na Fulani da Barebari, kuma sun fi shekara arba'in suna yin sa ba wanda ya gaji. Ya tsaya daidai ni ya gyara tsayuwa.

“Babarbare! An ce kana kwance, na ce ƙarya ne, ciwo ma yana da zaɓi. Ka ga yadda aikin nan ya dace da kai? Tsayuwa ba tunani. Da haka aka bar ku tun farko da an huta.” Ya saurara, kamar mai jiran amsa. “Ka yi shiru? Madalla. Duk garin nan ba inda nake jin daɗin hira da kai kamar nan.”

Ya kora shanunsa yana dariya shi kaɗai. A ranar jan baki sau biyu suka zo, 'yan kaɗan, na fizgi igiya gwangwanaye suka yi kuka, suka watse. Da rana ta yi zafi hanya ta ɗauke ƙafa, na sulale daga rigar na mayar da buhun ciyawa. A gida na zauna gaban Kawu na sauke masa saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan na Baffa sai na tsaya.

“Faɗi,” in ji Kawu.

Na faɗa, kaina a ƙasa. Ya rufe ido, ya yi murmushi, ya ce a raɗa, “Zan warke.”

Kwana na biyu sanyin ya fi na jiya. Yatsuna suka ƙage tun kafin gari ya waye, har ban san lokacin da bakin igiyar ya zame daga hannuna ba. Sai ganin sa na yi a ƙasa, kwance cikin laka, nesa da turmin. Na ce bari hanya ta yi sauƙi in sauka in ɗauka. Hanya ba ta yi sauƙi ba, ranar kasuwar wani gari ce, masu kekuna da masu jakuna sai wucewa suke suna gaishe ni. Da suka ƙare sai ga shanu.

Wannan karon Baffa bai yi kira daga kan jinga ba. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya gangaro. Ya zo har gabana, ina jin warin nono da toka a jikinsa. Ya sunkuya, ya sa bakin sandarsa ya ɗan ɗaga gefen rigar. Ashe yana da tasa dabarar. Ƙafafun Kawu sanannu ne a garin, manya, masu faɗi kamar faranti. Baffa ya leƙa, ya ga gindin turmi, itace tsantsa. Ya saki rigar, ya yi ajiyar zuciya, ya tsuguna a kan kunya yana fuskantata.

“To,” ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba. “Tunda yau ba ka ciki, bari in gaya maka wata magana.”

A daidai lokacin na hango su. Can ƙarshen gonar, bayan kan Baffa, wani baƙin abu ya taso daga kacalla. Ya yi sama, ya lanƙwashe, ya baje, ya sake haɗewa. Ba irin na jiya ba ne. Wannan ya tare hasken rana. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, kuma kai tsaye gonar Kawu ya nufo.

“Bara,” in ji Baffa, “irin shinkafarka da aka tattake a bakin ruwa. Ka tambaye ni, na ce shanun baƙi ne masu wucewa. To ba baƙi ba ne.” Ya tsinki ciyawa ya jefar. “A'a, ba haka zan fara ba. In na fara haka zai samu bakin magana. Bari in sake. Malam, ka san dabba ba ta da hankali...”

Gwaji yake yi. Ya zo ne ya koyi ba da haƙuri a gaban rigar kafin ya je gaban mai ita.

Garken ya sauka a kusurwar gonar ta can nesa. Sautinsu ya iso ni kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Igiya na cikin laka. Abin da ya rage mini murya ce, wadda kaji ma ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. A gabana kuma ga dattijo tsugune, ya buɗe cikinsa don ya tabbata ba kowa. Tun ina ƙarama aka koya mini ba a katse babba. Ba a taɓa gaya mini abin da ake yi ba in babban yana magana da itace, itacen kuma ni ce. Na ce a raina bari ya kai aya. Baffa bai san aya ba. Ya sake farawa sau uku.

“...jar saniyar nan ce ta ja su, ka san ta, ba ta jin magana, halinku ɗaya...”

Ina kallon kusurwar tana canza launi, daga ja zuwa fari, kamar ana goge ta. Garken ya fara mirginowa, na baya suna tsallake na gaba suna sauka, suna cin gonar taku-taku zuwa wajenmu. Sai na tuna Inna tana auna shinkafar bara da ta rage a ƙasan buhu, tana karkaɗe shi har kusurwoyi.

Ban san daga ina abin ya fito ba. Ba “kai” ba ne, ba kalma ba ce ma. Wata ƙara ce doguwa mai kaifi wadda ban taɓa sanin tana cikina ba. Na yi tsalle daga kan turmin, sandar gicciye ta tumɓuke ta biyo ni a kafaɗa, na faɗa cikin shinkafa da gudu hannuwa a baje, riga na kaɗawa, malfa ta rufe mini ido ɗaya. Gonar ta tashi sama gaba ɗaya. Iskar fukafukansu ta bugi fuskata. Na yi ta gudu ina ƙara, in sun nufi sauka can in bi su can, na faɗi na tashi ban san sau nawa ba, har suka haƙura suka yi arewa.

Da na waiwaya, ba Baffa. Shanunsa na tsaye a kan jinga suna kallona suna tuƙa. Sandarsa na kwance a kan kunya, da takalmi ƙafa ɗaya.

Na jira har rana ta yi zafi, lokacin da jan baki ke komawa inuwa, sannan na tuɓe rigar na nufi gida da sandar da takalmin, laka har gira. Tun daga zaure na jiyo muryar Baffa. Ashe da ya ruga, gidan Kawu ya nufa kai tsaye, yana fatan a ce masa Malam ya fita gona. Sai ya tarar da shi kwance cikin bargo yana shan kunu. Tun lokacin yake zaune a ƙofar ɗakin, ya ƙi tafiya, ya faɗi maganar irin shinkafa daga farko har ƙarshe ba tare da gwaji ba, ya ƙara da wasu laifuffukan da ba wanda ya tambaye shi.

“Na duba da idona, Malam, itace ne! Ina faɗin jar saniya sai ya yi kuka irin na mata ya tashi sama!”

Inna na bakin murhu ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Kawu ya hango ni ta saman kan Baffa, ya ɗan girgiza mini kai, wato in wuce ɗaki in bar shi ya more. Na so in bi umarninsa. Amma tsohon na zaune ƙafa ɗaya ba takalmi, shanunsa kuma na can ba mai kula da su. Na zo gabansa na durƙusa, na ajiye sandar da takalmin.

“Baffa, ina kwana. Ina gajiya. Yaya sanyi. Na jiya ma ina kwana.”

Ya dubi sandar, ya dubi lakar da ke jikina. Ya daɗe yana dubawa.

“Ke ce?”

“Ni ce, Baffa. Ka yi haƙuri.”

“Tun daga ina kika ji?”

“Tun daga bara.”

Ya ja hularsa ya rufe fuska. Kawu na dariya ba sauti, sai bargon ke tsalle, hawaye na bin kuncinsa. Da ya samu numfashi ya yafito ni, na kai kunne, na zama bakinsa.

“Kawu ya ce, wai yaya gonar.” Wannan ni aka tambaya, sai na amsa da kaina, na ce kusurwar gabas ta tafi, saura na nan. Dariyar ta tsaya. Ya dubi rufin ɗaki, sannan ya sake yafito ni.

“Baffa, Kawu ya ce ya yafe irin bara. Ya ce amma kusurwar bana hirarka ce ta cinye ta. Ya ce saura kwana uku a yi yanka, kuma yana da riga da za ta yi maka daidai.”

“Ni? In sa rigar Babarbare in tsaya a gona kamar wanda aka shanya?” Baffa ya sa takalminsa ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. “Gaya masa ko a mafarki. Gaya masa zan tsare masa gonar, amma irin ta mutane.”

Haka aka yi. Kwana uku Baffa na kan jinga tun asuba, shanunsa na kiwo a gefen ruwa inda idonsa ke kansu. Makiyayi ne, muryarsa ta saba kiran saniya daga hayin kogi. In ya hango duhu ya taso daga kacalla sai ya saki wani kira da ke sa har kirinjijiya canza hanya. Ni ce mai riƙe igiya, a zaune, a fili, fuskata a buɗe. Ba ya kallona in zai yi magana, ni ma ba na kallon sa. Sau ɗaya kawai, da wani jan biri ya fito daga kurmi ya zauna a kan turmin da na bari, ya ce in ba shi madubin nan ya gani. Ya kafa a ido ya daɗe, sannan ya miƙo mini ya ce ya ga dangin su Kawu sun zo duba gona.

Ranar yanka Kawu ya fito da sanda, naɗe da bargo, ya zauna a kan kunya. Maƙwabta da suka gama nasu suka shigo da lauje. Damman da aka ɗauro daga tsakiyar gonar sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga. Na roƙa a bar mini kusurwar gabas in yanka da kaina, aka bar mini, ba wanda ya yi gardama. Ban iya lauje ba, na yanke yatsa, na ɗaure da bakin hijabi na ci gaba. Damin da na haɗa na ɗauke shi da hannu ɗaya na kawo gaban Kawu. Ya zari zangarniya guda ya murza a tafinsa, ya hura. Ƙwaya uku suka rage. Ya dube su, ya dubi tarin da ke bayansa, wanda Inna ke zagayawa tana taɓawa tana cewa alhamdu lillahi, zai kai su.

Ya kama hannuna mai ciwon, ya juye mini ƙwayoyin uku a tafi.

“Naki ne,” ya ce, da ƙyar, amma ba sai da na kai kunne ba. “Sauran kin ciyar da baƙi.”